Dosiyen Kaka Balkisa

Kaka Balkisa ta Bune ba ta taɓa kiran ƴarta ta fari da suna ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, haka iyayenmu suka tashi: ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka ma sai dai wata ta ɗauka. Amma ita tsohuwar nan ta kai abin inda ba a kai shi. Sa'adatu ta girma, ta yi aure, ta bi mijinta Sabha can ƙasar Libiya, ta haifi ƴaƴa har ta aurar, uwar ba ta wuce ce mata "waccan" ba. In ta kira a salula aka miƙa wa tsohuwar, sai ta ce, "Lafiya lau. A gaida yara," ta mayar wa mai salular da sauri kamar ta riƙo garwashi.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, sai ta aika garin Gure a kira mata jikarta Nafisa, ɗiyar ƙanen Sa'adatu. Nafisa ta yi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Damagaram, ta dawo tana zama a shagon yayanta Shu'aibu a bakin kasuwa, inda ake cajin salula, ana buga takardu, ana zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a kati. Ita kaɗai ce a jikokin take iya tsayawa ta yi cacar baki da tsohuwar har a tashi ba a san wanda ya ci ba.

"Ke mai idon gilas, matso nan," in ji Kaka. "An ce abin nan naku yana riƙe magana."

"Yana riƙewa, Kaka. Har gulmata da kike yi zai riƙe."

Tsohuwar ta yi mata daƙuwa, sannan ta leƙa ƙofa ta rage murya. "Ina da magana da waccan. Ba yanzu za ta ji ba, sai an rufe ni. Kuma wallahi in kunnen wani ya riga nata ji, ban yafe ba. Har ke."

Nafisa ta bar dariya. Ta gane abin da ake ɗora mata.

Ga yadda suka shirya. Ta ba Kaka wata tsohuwar salula mai maɓallai, da ɗan katin ajiya a ciki, ta nuna mata inda za ta danna ta yi magana. Duk sanda tsohuwar ta faɗi abin da ya sawwaƙa, sai a cire katin a ƙulle shi a ƙyalle a ba Illa, mai motar da ke kawo ƴan kasuwa daga Bune. Nafisa ta kwashe abin da ke ciki zuwa ordinater ɗin shago, ta goge katin tas, Illa ya mayar. Ta haka babu abin da zai kwana a gidan da salula ke yawo hannu hannu.

Ranar koyon kuwa gidan ya cika da hayaniya. Jikoki da ƴaƴan maƙwabta suka yi dafifi, kowa sai ya danna ya ji muryarsa, wannan ya yi kukan akuya, waccan ta yi waƙar makaranta. Kafin la'asar sun tara tarkace fal a katin. Nafisa ta taho da shi Gure tana murna, ta ce ga abin gwaji ya samu.

Don ita ba ta yarda ta riƙa kwashewa da hannu ba. Ranar kasuwa shagon ba ya da masaka tsinke, wannan na leƙen allo, wancan na jingina da tebur, ga lasifika kullum a kunne. Dannawa ɗaya ta kuskure, sai asirin tsohuwa ya tashi a gaban masu sayen barkono. Kuma, a faɗi gaskiya, ba ta amince da kunnenta ba ita ma. Saboda haka ta zauna ta rubuta ɗan purogiram da Python, yaren da ake ba na'ura umarni da shi, wanda zai yi aikin ido rufe. Ta ƙirƙiri dosiye, wato ma'ajiya a cikin ordinater, ta sa masa sunan Kaka. In an sa kati, purogiram ɗin zai ɗauki sunan kowane fishiye, wato kowace maganar da aka naɗa, ya tambaya: mai wannan suna yana nan a dosiye? In babu, ya kwafa. In yana nan, ya wuce, kada a tara abu biyu iri ɗaya. Sannan kafin ya goge katin sai ya sake bi ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar kowane suna yana nan. Sai ya ga haka zai shafe, kuma shafewa ta gaske, wadda ake bin wurin a cike da sifiri, don ta san abin da aka goge sama-sama ana iya tono shi.

Ta gwada da tarkacen yaran, ya yi aiki sumul. Allo ya rubuta mata "An ajiye" da koren rubutu. Kai, ranar Nafisa har rangaji take a kan kujera! Ta kira Shu'aibu ta nuna masa, shi da bai san komai a ciki ba ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ƙara basira.

Haka aka yi ta yi tun daga bazara har damina ta sauka ta ɗauke. Illa ya miƙo ƙyalle, ta sa kati, ta danna, koren rubutu ya fito, ta ƙulle ta mayar. Ba ta taɓa buɗe dosiyen ba. Tana alfahari da hakan ma, tana ji a ranta cewa ita mai riƙon amana ce.

Kaka ta cika ana tsakiyar girbin hatsi. Da aka natsa, Nafisa ta kira Sabha ta gaya wa gwaggonta abin da aka bar mata.

"Ni?" in ji Gwaggo Sa'adatu. "Inna ta yi magana, ta ce a ba ni?"

"Ke, Gwaggo. In turo miki yanzu?"

"A'a! Kada ki turo. Ba a tsaye zan ji ba, cikin surutun jikoki. Ina zuwa sadakar arba'in, in sha Allah. Ki riƙe mini, ɗiyata. Ki riƙe da kyau."

Ranar da motar Gwaggo za ta iso daga Damagaram, Nafisa ta fito shago da hantsi, ta sayi sabon kati da sabon abin sawa a kunne mai laushi. Ta zauna, ta yi bisimilla, ta buɗe dosiyen a karo na farko.

Abin da ta fara lura da shi kwanan wata ne. Duk fishiyoyin rana ɗaya suke ɗauke da ita, ranar da ta je Bune koyarwa. Ta ce ko agogon salular ne ya rikice. Ta duba nauyinsu: ƙanana ne, babu wanda ya kai tsawon gaisuwa. Ta sa abin a kunne, ta buɗe na ƙarshe. Wani yaro ne yake kukan akuya, ana ƙyalƙyala dariya a bayansa.

Ta buɗe na sama da shi. Waƙar makaranta. Ta buɗe wani. Ta buɗe duka.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ta buƙaci wani ya yi mata bayani ba, tana buɗe purogiram ɗin idonta ya sauka a kan layin, kamar dama jiranta yake. Salular nan lamba take ba kowace magana: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. In ta tarar da kati wayam, sai ta koma farko ta sake ƙirgawa daga ɗaya. Ita kuwa Nafisa kowane zuwa wayam take mayar da shi. Kenan duk maganar da Kaka ta yi, sunan da salular ke ba ta akwai mai shi tuni a dosiye, cikin tarkacen yaran. Purogiram ya tambaya, mai wannan suna yana nan? Aka ce yana nan. Ya wuce bai kwafa ba. Ya sake tambaya kafin shafewa, aka sake ce masa yana nan. Ya shafe, ya bi da sifiri, ya rubuta mata koren rubutunsa.

Bai yi mata ƙarya ba, abin haushin kenan. Abin da ta tambaya shi ya amsa. Ita ce ba ta ce ya duba nauyi ba, ba ta ce ya duba rana ba, ba ta ce ya gwada cikin wannan da na wancan ba. Suna kawai. Da ma da hannu ta kwafa kamar kowane mai shago a kasuwar nan, da ordinater ɗin da kansa ya tsayar da ita ya ce akwai mai irin wannan suna, me za a yi? Amma ina, gwana ta rufe wannan bakin da kanta don kada a dame ta.

Ta bincika kwandon shara na ordinater, ta bincika inda ta san babu. Katin yana cikin jakarta tun zuwansa na ƙarshe, don Kaka ta cika kafin a mayar, ta ciro ta sa masa duk abin tono da ta sani. Sifiri ne daga farko har ƙarshe. Aikinta ya yi kyau, babu abin da ya tsira.

Shu'aibu ya shigo da buhun gawayi na gida a kafaɗa, ya same ta ta haɗa kai da tebur.

"Ke lafiya? Wani ya mutu kuma?"

Ta gaya masa. Sai da ta maimaita kafin ya gane, da ya gane kuwa ya yar da buhun har ƙura ta tashi.

"Duka? Nafisa, duka? Wata nawa mutumin nan yana kawo miki ƙyalle, ba ki taɓa leƙawa kin ga ko abin yana shiga ba? Ni da ban yi zurfi a karatun lakwal ba, in na zuba wa mutum wa'azi sai na kunna ya ji kafin ya bar nan!"

"Ta ce kada in ji, Yaya."

"Ta ce kada ki ji, ta ce kada ki gani? Ido ai ba kunne ba ne!"

Wannan ita ce maganar da Nafisa take gaya wa kanta tun ɗazu, sai dai a bakinsa ta fi zafi. Ya yi ta zagaye a ɗan filin shagon yana huci, ya kori wani da ya zo karɓar salularsa, sannan ya dawo ya kira shi ya ba shi haƙuri. Da ya ga yadda kafaɗunta ke rawa, sai jikinsa ya yi sanyi. Shu'aibu haka yake, ya hau da sauri ya sauka da sauri.

"To, ya isa. Saurara. Wa ya sani ban da ni da ke? Wuta kullum tana zuwa da ƙarfi tana ƙona kayan mutane. Mu ce ta ƙona wurin ajiyar. Gwaggo za ta ce ƙaddara, ta yi kuka ta share. In kin ce ke ce, har ki mutu a gidanmu ana nuna ki da baki."

Wallahi ta so shawarar nan. Ta so ta kamar mai ƙishirwa ya ga randa. Ta zauna tana juya ta, tana gyara mata zama: ranar kaza wuta ta zo, har firjin maƙwabci ya lalace, kowa ya shaida. Sai dai duk sanda ta kai ƙarshen labarin sai ta ga tsohuwar a kan tabarma, ƙafa a kumbure, tana lalubar maɓalli da babban yatsa, tana buɗe bakin da ta rufe tun tana amarya. Kuma kowane zuwan Illa, ita Nafisa ce ta danna da yatsanta, wani lokaci ma tana cin gyaɗa, tana hira da mai jiran caji.

"Zan gani, Yaya," ta ce.

Bayan azahar Gwaggo ta sauka a gidansu. Doguwar mace ce, ta yi furfura a goshi, tafiyarta sak ta Kaka, har Nafisa ta kasa kallon ƙafafunta. Aka yi koke-koke, aka yi gaisuwar rashi, maƙwabta suka shigo suka fita. Gwaggo ta buɗe jaka ta raba tsaraba, ta ajiye wa Nafisa nata daban: lafaya mai ruwan zuma da kwalbar turare.

"Wannan na mai riƙon amana ne," ta ce, ta dafa mata kai.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Nafisa ta gode mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce an gode, muryarta kamar ba tata ba.

Da la'asar ta yi, gida ya lafa, Gwaggo ta yi salla ta kira ta ɗaki. Ta riga ta shimfiɗa darduma a ƙurya, ta jingina matashi da bango, ta ajiye kofin ruwa da ɗan tawul kusa da ita. Ta shirya wa kuka wurin zama.

"Na so in bari sai mun je Bune," ta ce tana murmushin kunya, "amma na kasa. Tun daga Agadas ban runtsa ba. Kawo, ɗiyata. Ki nuna mini inda ake dannawa ki ja mini ƙofa."

Nafisa ta durƙusa a bakin dardumar. Labarin wutar yana nan a kan harshenta, a shirye. Ta buɗe baki, sai ta ji wani abu daban ya fito.

"Gwaggo, babu. Na goge. Ni na goge da hannuna."

Ta faɗi komai, ba ta rage ba. Ba ta ambaci Python ba, ba ta ambaci sifiri ba. Ta ce ta sa na'ura ta riƙa duba ko abu yana nan, na'urar ta riƙa ganin suna tana cewa yana nan, ita kuma ba ta taɓa leƙawa da idonta ba. Ta ce ba wuta ba ce, ba Illa ba ne, ba kowa ba ne. Tana magana tana jiran mari, tana ma roƙonsa a ranta.

Gwaggo ba ta motsa ba. Ta kalli kofin ruwan, ta kalli tawul ɗin. Can ta ce, a hankali, "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Amma kin ji." Ta matso, ta kama wuyan hannun Nafisa da ƙarfi. "Ke kin ji. Ku yaran yanzu ba ku jin magana, an ce kada ku taɓa sai kun taɓa. Ba zan yi fushi ba, wallahi ba zan yi ba. Ko sau ɗaya kin sa kunne, ko kaɗan, kafin ki cire. Faɗa mini abin da ta ce."

Nan ne Nafisa ta ji abin da ya fi na safe ciwo. Ta san muryar Kaka, ta san yadda take jan magana. Za ta iya ƙaga kalmomi uku masu daɗi yanzu, matar nan ta ɗauka ta koma da su Sabha ta rayu a kansu, babu mai ƙaryata ta har abada. Idanun Gwaggo roƙonta suke ta yi hakan. Amma ta riga ta shafe maganar tsohuwar; ba za ta kuma sa mata wadda ba ta faɗa ba a baki.

"Ban ji ba, Gwaggo. Ta ce kada in ji, ban ji ba."

Hannun ya sake ta. A waje wata tana daka, wani mai ruwa yana kiran masu saye. Gwaggo ta jingina da matashin da ta tanada, ta rufe ido. Ba ta yi kuka ba, kuma rashin kukan ya fi kukan tsorata Nafisa.

"Ki yafe mini," in ji Nafisa. "Ko kada ki yafe. Ban san wanda ya fi ba."

Idonta a rufe Gwaggo ta tambaya, "Doguwa ce? Maganar. Ko irin tata ce, lafiya lau a gaida yara?"

Wannan kam Nafisa ta sani, don Illa ya sha yi mata ƙorafi.

"Doguwa ce. Illa ya ce in ya je karɓar kati, wani lokaci sai ya tarar ta sa an ja mata ƙofa tun azahar. Ya yi ta jira a zaure, fasinja na zaginsa, ba ta buɗewa sai rana ta yi sanyi. Ya ce in ta buɗe, muryarta a dishe take."

"Kowane zuwa?"

"Kusan kowane zuwa."

"Duk ni?"

"Duk ke, Gwaggo. Ba ta yi wa kowa ba."

Gwaggo Sa'adatu ta buɗe ido ta kafa wa rufin ɗakin. Ta danne leɓenta da yatsu.

"Tun ina yarinya nake zaton ba ta da abin ce mini," ta ce. "Ashe har muryarta dishewa take."

Sannan ta juya fuskarta bango, ta ce, "Ja mini ƙofar."

Nafisa ta tashi ta fita, ta ja ƙofar. Ta tsaya a bayanta, ba ta iya tafiya ba, tana jin gwaggonta a ciki tana kiran "Inna, Inna," tana yin shiru tsakanin kowane kira kamar mai ba da wuri a amsa.